Kafin a Sauya Maka Kwatangwalo, Tambayi Abin da Zai Riƙa Gogar Juna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu shirin tiyatar sauya kwatangwalo, musamman matasanmu masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya mutu. Ko nan Katsina za a yi aikin, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko Masar, tambayar 'yan uwa ba ta wuce nawa ne, kuma na wace ƙasa ne. Alhali daɗewar aikin ta fi dogara ga ƙwallon da zai maye gurbin kan ƙashin cinya da kofin da zai zauna ciki, waɗanda za su riƙa gogar juna duk takun da mutum ya yi.

Wanda aka daɗe ana amfani da shi shi ne ƙwallon ƙarfe cikin kofin roba, wanda John Charnley ya fara a Ingila a 1962; yanzu ƙarfen yawanci haɗin kobal da kuromiyam ne. Tsohuwar robar tana cinyewa, ɓurɓushinta ya tayar da garkuwar jiki, ita kuma ta zaizaye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen har ya fara girgiɗi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu robar da ake ƙarfafawa da haske mai ratsa jiki, wadda cinyewarta ta ragu ƙwarai. Dattijo ɗan shekara 70, wannan ta ishe shi.

Matashi ɗan 25 kuwa, a ganinmu ƙwallon tangaran cikin wannan sabuwar roba ya fi masa. Tangaran ya fi ƙarfe santsi, ba ya saurin karcewa, kuma yana rage tsatsar da ke tasowa a wuyan da ƙwallon ke zama. Tangaran kan tangaran ya fi duka rashin cinyewa, amma yakan yi ƙara kamar tsohon ƙyaure idan kofin bai zauna daidai ba, kuma jefi-jefi yakan fashe. In ya fashe, kada a yarda a maye shi da ƙwallon ƙarfe: ragowar tsakuwar tangaran za ta kankare ƙarfen, kobal ya cika jini.

Ƙarfe kan ƙarfe dai a guje shi. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ƙarfe kan ƙarfe mai suna ASR. Ƙoda ce ke fitar da kobal da kuromiyam, ga shi mai sikila tasa ba ta cika lafiya ba.

Sai girman ƙwallo: milimita 28, 32 ko 36. Babba ya fi wuyar gocewa, abin dubawa ga mai sujada, zaman tabarma da masan tsuguno, sai dai yana rage kaurin robar. Likita ne zai faɗi lokacin da za a bar salla a kujera.

Kowane ɓangare yana zuwa da lambarsa a jikin kwali. A nemi a manna su a takardar sallama a adana, domin likitan da zai sake aikin bayan shekara 20 da su zai san irin kayan da zai nema.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan sashen ƙashi, Katsina.