Shirinku Na Daren Talata Bai Yi Wa Yaran Nan Adalci Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan shirinku na daren Talata, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Kun zaunar da baƙo guda ya yi ta sukar yaran nan masu bin diddigin yanayi tun daga farkon shiri har ƙarshe, ya kira su bokayen waya, mai gabatarwa yana taya shi dariya. Ko mutum ɗaya daga cikinsu ba ku gayyato ya kare kansa ba. Na yi ta buga layinku ba a ɗauka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni manomi ne, albasa da masakwa nake yi, kuma gonar albasata a bakin Mayo Tsanaga take, kogin yashin da ya ratsa garinmu Marwa a arewacin Kamaru. Duk wanda ya san Marwa ya san halin mayo. Yau ka gan shi yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki, masu ɗiban yashi na lodi, mata na tonon ruwa, kafin ka ankara ya cika ya batse alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Ruwan can kan duwatsun Mandara yake zuba, wajen Mokolo, sai ya gangaro mana. Rahoton da kuke karanta mana kullum cewa yake za a samu ruwa jefi-jefi a yankin Arewa Mai Nisa. To ina ne jefi-jefi? Daga Kusuri zuwa Kaele duk yanki ɗaya ne. Me zan yi da wannan magana ni da ke son sanin ko in bar injin ban ruwana ya kwana a bakin mayo?

Akwai wani yaro mai gyaran waya a kasuwa, ba ɗana ba ne, ba surukina ba ne, ban ma san mahaifinsa ba. Bai gama makaranta ba. Shi kaɗai ya koya wa kansa duba hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat da taswirar yanayi ta manhajar Windy, ya samu abin auna ruwan sama ya kafa a tsakar gidansu, ya kuma haɗa kai da wasu irinsa, wani malamin makaranta a Mokolo, wani tela a Meri, wani a Yagwa. Kowa ya auna na wajensa da safe ya tura. Shi kuma sai ya yi saƙon murya a WhatsApp, da Hausa sannan da Fulatanci, don yawancinmu ba mu karanta Faransanci. Ƙarshen daminar bara, da la'asar, sama tas a Marwa, sai ga muryarsa: an tafka ruwa a kan dutse, duk mai kaya a cikin mayo ya kwashe kafin isha. Na sa yara muka janye inji da tiyo. Maƙwabcin gonata ya ce ai yaro ne yake wasa da waya, irin dai maganar baƙonku. Da safe babu tiyonsa, babu buhunan takinsa, kuma bashi ya ci ya saye su. Ku je ku gaya wa wannan bawan Allah cewa boka ne ya yi gargaɗin.

Sisi yaron nan bai taɓa karɓa a hannuna ba. Kuɗin intanet ma daga aljihunsa yake saya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda baƙonku ya ce wai me ya haɗa ɗan Marwa da guguwar Amurka, wai neman suna ne kawai yake sa su kwana suna bin ta a waya. A nan ne na gane cewa ko dai ya raina masu sauraro ko kuma shi ma bai yi bitar karatunsa ba. Malam Edita, yawancin manyan guguwoyin da ke rusa gidaje a can, a saman kanmu suke fara rarrafe. Zafin Sahara a arewa da sanyin danshin Tekun Gini a kudu su ne suke haddasa wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, kimanin kilomita 3 a sama. Ita ce take kwaso jerin hadari tun daga tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi, su bi ta kanmu, su wuce Najeriya da Nijar da Mali, duk bayan kwana 3 zuwa 5. Ashe ba daga gabas hadarinmu yake tasowa ba? Kowace tsohuwa ta san wannan. Irinsu wajen 60 ne suke faɗawa Tekun Atilantika ta gaɓar Senegal da Gini a shekara. Yawanci su watse. Amma wanda ya tarar da ruwan teku da ɗumi, digiri 26 ko fiye, kuma busasshiyar iskar Sahara mai ƙura ba ta shaƙe shi ba, sai ya fara juyawa. In gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a awa, ya zama mahaukaciyar guguwa ke nan. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na mafiya ƙarfi daga cikinsu daga irin wannan hadari na Afirka suke fitowa. Guguwar Irma ta 2017 ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen watan Agusta, ta haɗu kusa da tsibiran Cape Verde, ranar 6 ga Satumba ta daidaita tsibirin Barbuda, ranar 10 ta shiga Fulorida.

Ni duk wannan a bakin mai gyaran waya na fara jin sa, ban taɓa ji a gidan rediyonku ba. Daga Yuni zuwa Nuwamba, lokacin da cibiyar sa ido kan guguwa ta Miyami take zuba ido a kan gaɓar Afirka, shi ma yana nan yana kallo, sai dai shi gabas yake fara dubawa. In ya ga gajimare ya dunƙule a kan Chadi, ya san gobe ko jibi namu ne. In ya wuce mu, sai ya ci gaba da bin sa har teku don sha'awa, ya riƙa ba mu labarin inda ya kai. Laifi ne mutum ya yi sha'awar ilimi? Wasu samarin a wayar nan caca suke yi, wasu zagin juna, ba ku shirya musu shiri ba sai wannan. Da hunturu kuma shi ne yake sanar da mu in ƙura ta taso daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, masu ciwon ƙirji su shirya, direbobin hanyar Mora da Waza su yi hattara.

Baƙonku ya ce aikin na masu takardar shaida ne. Babu wanda ya raina masu takarda. Cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai suna fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma yaron nan da kansa yake ɗauko shi ya fassara mana, abin da ku ya kamata ku riƙa yi. Amma masu takardar guda nawa ne, kuma na'urorinsu nawa ne a karkara? Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin auna yanayi da ke Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na abin da ya kamata a ce akwai. A Amurka kuwa, da duk kuɗinta da jiragen da take turawa cikin guguwa, tun 1890 hukumar yanayinsu take karɓar awon ruwan sama daga hannun dubban 'yan sa-kai, manoma da 'yan fansho da matan gida. Bayan ambaliyar da ta auka wa garin Fort Collins na jihar Kolorado a 1997, sai da suka sake kafa wata ƙungiyar ta 'yan sa-kai a 1998, saboda sun gano cewa ruwan da ya sauka a wata unguwa ya ninka na wata nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya auna. Su can godiya ake yi musu. Mu nan sai a kira su a rediyo da sunan bokaye. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai wanda ya bugo waya, shi kam an ɗauki nasa kiran, ya ce wai shiga gaibu ne. Kakanninmu da suke ganin shamuwa ta dawo su fara gyaran gona, gaibu suka shiga? Yaron nan bai taɓa rufe saƙo ba tare da ya ce in Allah ya so ba. Yakan faɗa bai faru ba, wannan gaskiya ne, kuma washegari yakan fito ya ce hadarin ya karkata kudu ko ya watse. Shi ne ma yake ja mana kunne cewa kada mu dogara da hoton gajimaren da waya take nunawa na kwana goma masu zuwa, wai na'urorin Turai ba su cika kama hadarin yankinmu daidai ba. Akwai marasa tsoron Allah masu ɗauko hoton ambaliyar wata ƙasa su ce Kusuri ce don a yi ta turawa. Waɗannan ku fallasa su, zan taya ku. Amma ku haɗa su da mai tashi da asuba yana auna milimita? A'a, Malam Edita.

Ko kun manta 2024? Gadar Yagwa ta rufta a watan Satumba, madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, a Chadi sama da mutum 500 suka rasu, kusan miliyan 2 ruwa ya shafa. A 2022 kogunan Shari da Logon sun shiga unguwannin Injamena. A irin wannan zamani duk wanda zai ce maka kwashe kayanka awa uku kafin ruwa ya iso, ba abin yi wa dariya ba ne. Yanzu ga abin da shirinku ya jawo: tun ranar Laraba 'yan kasuwa suke tsokanar yaron, wai boka yau za a yi ruwa? Saƙonsa ma ya ja baya, ga lokacin dashen masakwa yana matsowa, muna bukatar sanin ko ruwan ƙarshe ya wuce. Abin da nake nema shi ne ku sake shirin, ku zaunar da baƙonku da ɗaya daga cikin yaran nan a teburi guda, ku buɗe layi ga manoma da masunta da direbobi. Ku kuma karanta wannan wasiƙa yadda take, kada ku datse ta.

Tun da na riga na rubuto, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin gargajiyar nan da kuke sawa daidai lokacin cin tuwon dare, mai lissafa cututtukan da ba a faɗa a gaban yara, don Allah ku mayar da shi bayan ƙarfe goma. Mutum na zaune da 'ya'yansa mata da surukarsa, sai ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta lalubar rediyo yana rage murya. In kuɗin tallan ne ba ku iya bari, to ku ce wa mai maganin ya tace bakinsa.

Wassalam.

Naku mai sauraro kullum,
wani manomi daga Marwa, Kamaru