Kukan motata ya kusa cinye min jari, ashe ɗan boris ne

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Dan Allah ka ɗan sammin fili in yi magana da 'yan uwana direbobin akori-kura da kuma kanikawanmu, saboda abin da ya same ni cikin wata biyun nan na san ba ni kaɗai yake samu ba, kawai dai mutane ba sa faɗa ne don kar a ce an yi musu wayo.

Ni direba ne, Hilux nake ja ƙirar 2008 mai injin fetur 2.7, wanda kanikawa suke ce wa 2TR. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saye ta, da ita nake ɗebo hatsi daga Dawanau, ran Alhamis ina Maigatari, ran Lahadi Dambatta, sauran ranaku kuma duk inda Allah ya kawo lodi. Motar nan ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai farkon sanyin nan, wata safiya na tayar da ita na ji wani siririn kuka daga gaba, wiiii, kamar sauro a kunne, in na taka totur ya ƙaru ya koma kamar jiniya daga nesa, in na saki ya sauka. Ba hayaƙi, ba wutar da ta kama a dashbod, ba ta zafi, ƙarfinta yana nan. Kukan ne kawai. Nace ƙila sanyi ne, in ta ɗumama zai tafi. Kwana uku bai tafi ba, ni kuma irin mutanen nan ne da in mota tana wani sauti da ban gane ba ko abinci ba ya min daɗi.

Na kai ta garejin da na saba. Ogan ko bonet bai gama ɗagawa ba yace ai fanfon pawa sitiyari ne, ya ji irinsa ya fi sau ɗari. Ban musa ba, wa zai yi musu da mai sana'a a kan sana'arsa? Na je na sayo fanfo baljiyam da man pawa, aka ɗaura, na biya kuɗin aiki, aka tayar da mota, wiiii, wallahi kamar ba a taɓa komai ba. Sai yace ai sabon ne bai zauna ba, in je in yi kwana biyu ina hawa. Na yi sati. Da na dawo sai magana ta canja, wai yanzu kuma altaneta ce, wato mai yi wa batir caji, ya turani wajen rewaya. Allah ya saka wa rewayan nan da alheri, ya ɗora mita a kan batir, mota a kashe ta nuna 12.6, a kunne ta nuna 14 da 'yan kai, yace min caji lafiya lau, shi bai ga dalilin da zai sa ya kwance ta ba, amma fa caji mai kyau ba ya nufin boris ɗin cikinta lafiya yake, don haka ba zai rantse min ba. Na uku kuwa, wani da abokina ya haɗa ni da shi a hanyar Gumel, cewa yayi giyabos ce, a sauke. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci na zauna. A daren nan yayana ya kira ni yace kai wai motar ce ke neman kuɗi ko kuwa mu ne muke nema mata?

Wanda ya warware min matsalar wani dattijo ne, tsohon bakanike da ya yi zamanin Fijo 504 akori-kura, yanzu ma ba ya shiga ƙarƙashin mota, yana zaune ne a inuwa yaransa suna aiki. Na gaishe shi nace Baba ga abin da ke tafe da ni, na fara lissafo abin da aka canja, yace dakata ɗana, ban tambaye ka abin da aka canja ba, kukan nan in mota tana tsaye a firi kana taka totur yana yi ko sai tana tafiya? Nace yana yi ko a tsaye. Yace to ka cire tayoyi da aksul da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul, daga lissafi, don su ba sa juyawa in mota na tsaye. Kukan aksul gudun mota yake bi ba gudun inji ba, kuma za ka ji yana canjawa in ka taka totur ko ka saki kana cikin tafiya, na boris ɗin taya kuma gurnani ne da ke ƙaruwa ko raguwa in ka sha kwana. Sai yace in shiga in taka kuloci har ƙasa. Na taka, kuka yana nan yadda yake, na saki, haka. Yace to wanda yace maka giyabos ce Allah ya yafe masa, da boris ɗin shaf ɗin gaba na giyabos ne da ka taka kuloci zai yi shiru, da kuma rilis boris ne, wato boris ɗin kuloci, sai ka taka zai fara ihu. Malam Edita tambaya biyu fa, ko sifana ba a ɗauka ba, an riga an raba ni da sauke giyabos.

Daga nan yasa na murɗa sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, yana sauraro. Kukan bai damu da sitiyari ba. Ya buɗe robar man pawa ya leƙa, ba kumfa, mai bai yi ƙasa ba. Ya kalle ni yace tsohon fanfonka yana ina? Nace yana gida a buhu. Yace ka adana shi, lafiyarsa ƙalau, fanfon pawa in yana kuka to da ka juya sitiyari zai ƙara murya, kuma sau da yawa ma ba fanfon ba ne, mai ne yayi ƙasa ko iska ke shiga ta wani tiyo da ya tsage sai man ya riƙa kumfa. Nan fa raina ya ɓaci, ba da Baba ba, da kaina, don wannan gwajin ko ɗana na firamare zai iya yin sa kuma ban yi ba kafin in fitar da kuɗi. Ya sa na kunna AC na kashe, ba bambanci. Ya kunna rediyo ya ƙara murya ba tare da tasha ba, wai in dayod ɗin altaneta ya mutu sau da yawa za ka ji kukan yana fitowa ta sifika yana hawa da sauka tare da totur. Shiru.

Sai ya kira yaronsa yace a kawo doguwar sukundireba. Kafin ya matsa kusa da injin sai da ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe hannun ta ciki, yace fanka da bel ba su san dattijo ba. Ya ɗora bakin sukundireban a jikin altaneta, ya kara marikin a kunnensa kamar likita, ya matsa wajen watafam, ya matsa kan noti na tsakiyar wani ƙaramin fuli da bel ke bi ta kansa, sai na ga ya ɗan yi murmushi amma bai ce komai ba. Yace a kashe mota a bari ta huce, muka sha shayi, ya ba ni labarin yadda suke gyaran Fijo a da, kafreta ce da fulogi da kwantak, kunne shi ne kwamfutarsu. Da injin ya huce yasa yaron ya sassauta tanshina, wato abin da ke ɗaure bel ya yi tauri, ya zare fanbel ɗin gaba ɗaya, don a injin nan bel ɗaya ne yake juya altaneta da watafam da fanfon pawa da kwamfuresan AC. Yace tayar, amma ka sa hannunka a kan makulli, ba za mu wuce rabin minti ba saboda yanzu ruwa ba ya zagayawa, fanka ba ta juyawa, wutar batir ma za ta kama kar ka tsorata. Na tayar. Tsit. Na ɗan taka totur, sautin inji kawai mai daɗi irin wanda na manta da shi. Yace kashe. To ka ga cikin injinka lafiya, ba cen ɗin tayimin ba ne, ba fanfon baƙin mai ba ne, ɓarawon yana cikin waɗanda bel ke juyawa.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da hannu yana girgizawa. Altaneta sumul. Watafam ba wasa, ba alamar ɗigar ruwa. Da ya zo kan ƙaramin fulin nan da ba ya aikin komai sai riƙe wa bel hanya, ya wulwula shi sai ga shi yana ta gudu shi kaɗai yana ƙarar shhh kamar an zuba yashi a ciki, ya kama shi ya girgiza yana ƙwas-ƙwas. Yace zo ka taɓa da hannunka kar ka ce Baba ne ya faɗa. Mai lafiya in ka juya shi yana da ɗan nauyi saboda giris, ba ya sauti, kuma nan da nan yake tsayawa. Wannan giris ɗinsa ya ƙone ƙurmus. Ya tambaye ni kana kai ta wankin inji da injin feshi ko? Nace kusan duk wata, saboda ƙurar hanya. Yace to ga shi nan, ruwan nan mai ƙarfi yana tura kansa ta bayan robar boris ya wanke giris, ƙurar hunturu ta zo ta ƙarasa. Aka aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya sayo fuli, Baba ya duba bel ɗin ya ga ya fara tsattsagewa yace a haɗa da shi tunda an riga an kwance, duka da kuɗin aiki bai kai rabin abin da na kashe a fanfon da ban buƙata ba. Kuma yace da na ci gaba da hawa, ranar da boris ɗin zai cije bel ya tsinke ko ya zame, a lokaci guda zan rasa caji da pawa da ruwa, in ina tsakanin Gumel da Maigatari da buhu a baya ban lura da allurar zafi ba sai gasket ya tafi.

Yanzu Malam Edita ga inda nake son kanikawanmu su ji ni, kuma ba zagi nake ba, ina da 'yan uwa a sana'ar, na san wahalar da suke sha a rana da baƙin mai. Amma wannan ɗabi'a ta canki-canka ta yi yawa. Mutum ya ji sauti daga nesa ya yanke hukunci, a canja wannan, bai yi ba a canja wancan, kuma duk kuskuren aljihun mai mota ne ke biya, ba wanda zai ce maka yi haƙuri na yi kuskure ga kuɗin aikinka. Mu ma direbobi muna da namu laifin, mu ne za mu zo muna gaggawa muna cewa oga yi sauri lodi na jira, kuma in bakanike ya ɓata awa guda yana bincike bai canja komai ba sai mu ƙi biyansa wai ai bai yi aiki ba. To me zai sa ya bincika? Ni dai Baba na ba shi kuɗin bincikensa daban, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya faɗa min muna shan shayi da ya kamata in isar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yawancinmu ba ma cika tanki, lita biyar lita goma, kullum allura tana kwance, wani lokacin ma na galan ne a bakin hanya. Yace motoci da yawa da ake kawo masa da kuka yanzu ba daga gaba yake ba, daga tanki ne, fiyul fam ne ke kuka saboda fetur ɗin da yake ciki shi ke sanyaya shi, ga datti yana toshe masa rariya. Gane shi ba wuya, murɗa makulli ka saurara ta wajen tanki, kuma shi kukansa ɗaya ne ba ya hawa da sauka da totur. Masu Hilux ta dizal mai turbo kuma, ɗan fito kaɗan in ka taka ba komai ba ne, amma in ya koma jiniya, mota ta rage ƙarfi ko ta fara hayaƙi, a fara duba tiyo-tiyon iska ko wani ya tsage ko kilif ya saki kafin a ce turbo ta mutu. Na biyun kuma yace in ga duk wanda zai cire kan batir mota tana kunne wai yana gwada altaneta in hana shi, wannan dabarar zamanin Fijo ce, a motar da ke da birenbos, wato kwamfutar mota, tana iya ƙona maka abin da ya fi altanetar tsada.

Roƙona gare ka ranka ya daɗe, ko sau ɗaya a wata ne ku ware ɗan shafi ku riƙa zuwa gareji kuna tattaunawa da irin su Baba da Hausa, yadda direban da bai yi boko ba zai gane, don mutanen nan suna tsufa kuma yaran yanzu da yawa sun fi yarda da na'urar da ake soka wa mota, ita kuwa na'urar ba ta jin kukan boris. Tsohon fanfon pawa ɗina yana nan a zaure cikin buhu, yayana yace kar in sayar, in bar shi a inda zan riƙa ganinsa duk safiya in zan fita.

Naku, direban akori-kura, daga Dawakin Tofa, jihar Kano.