Godiya Ga Makarantar Da Ta Buɗe Wa Ɗana Ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaban makarantar sakandaren da ke bayan layinmu, da malamansa, musamman malamin wasanni.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin abin da kuka yi mana ya wuce a faɗe shi a ofis a tashi. Ɗana ba ɗalibinku ba ne, ko sisin kwabo ban taɓa biyan ku ba, amma kuka karɓe shi hannu bibbiyu a filinku na wasan jifan faifai.

Yaron nan yana da sikila. Duk wanda ya raini mai wannan lalura ya haddace dokokin likita: kada ya gaji ya wuce kima, kada ƙishirwa ta kama shi, kada sanyi ya buge shi. To a Kanon nan, idan aka cire ƙwallon ƙafa, me ya rage wa yaro ɗan shekara 12? Sa'anninsa na buga ƙwallo a layi, shi yana zaune a dakali yana gadin takalmansu. Na yi yawon nema masa wasan da jikinsa zai ɗauka har na gaji. Wani wurin kuɗin rajista kaɗai ya kusa lashe albashina. Wani wurin kuma maigadi ya kalli babur ɗina, ya ce wurin na mambobi ne, ko tambayata bai tsaya ji ba. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wani mai horar da yara, da jin sunan ciwon sai ya ce, a gaban yaron, "Ku mai da shi gida kada ya faɗi a hannunmu." Ɗana bai ce uffan ba a hanya, amma ranar ko tuwon dare bai taɓa ba.

Don haka da maƙwabcina ya ce min kun kafa wasu kwanduna na ƙarfe a harabarku, kuma ran Asabar da safe kuna barin yaran unguwa su shiga, a raina na riga na shirya wa kora. Muna isa maigadi ya amsa sallama, ya nuna mana gindin darbejiya, ya ce, "Ku ƙarasa, Malam yana can." Shi ke nan. Babu fom, babu "wa ya aiko ku".

Ga wanda bai san wasan ba, golf ne amma da faifan roba ake yi, ba da sanda da ƙwallo ba. Faifan kamar na rufe ƙwarya yake, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Za ka tsaya a mafari ka jefa, inda ya faɗi nan za ka je ka sake jifa, har ya shiga kwando. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Babu gudu, babu ture, tafiya ce a hankali. Kwanduna shida ne a filin, tazararsu gajeriya, yadda sabon shiga zai kai da jifa uku ko huɗu, kuma mafi yawan hanyar a inuwa take. Malam ya ce a Amurka aka fara kafa fili na dindindin, a jihar Kalifoniya a 1975, kuma wani mai suna Ed Headrick ne ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa, domin sarƙar ta tare faifan ya faɗa ciki. Naku kuwa mai walda ne na cikin gari ya haɗa su da rodi da sarƙa, abin da ya ƙara burge ni ke nan.

Amma Malam ne dalilin wannan wasiƙa. Na ja shi gefe na faɗa masa lalurar yaron, gabana na faɗuwa. Bai ja da baya ba, bai kuma shiga jajantawa ba. Ya tambaye ni abin da likita ya hana, ya saurara har na gama, sannan ya juya wajen yaron ya ce, "Zo nan ɗana, da wane hannu kake jifa?" Ya ba shi faifan jifan kusa, mai kaurin baki, ya ce a bar masu sirantaccen baki na nesa sai hannu ya faɗa. Ya durƙusa ya jera masa yatsu huɗu a ƙarƙashin bakin faifan, babban yatsa a sama. Jifan farko ya karkace hagu ya faɗa cikin ciyawa. Malam ya ce haka faifai yake yi wa mai jifa da dama idan gudunsa ya ƙare, don haka ya riƙa auna dama kaɗan. A kwando na huɗu faifan ya daki sarƙa, ta yi ƙara, ya zauna a ciki. Yaron ya juyo yana nemana da ido, bakinsa har kunne.

Wani abu da na lura da shi, wanda mai yiwuwa Malam bai san na gani ba: a kowane kwando sai ya tsayar da yaran duka ya ce a sha ruwa. Duka, ba ɗana kaɗai ba. Don kada yaron ya ji an ware shi ne, na gane sarai. Da hunturu ya shigo kuma, shi da kansa ya ce mu riƙa zuwa bayan rana ta ɗaga, a sa wa yaron rigar sanyi. Wallahi wannan ba ya cikin aikin da ake biyansa albashi a kai.

Abin da ke damuna shi ne, me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki? Mu da muka taso a garin nan mun san filayen makarantu da muka yi langa da ƙwallo a cikinsu, yau shaguna sun zagaye su, wasu an yanka an gine. Makarantun kuɗi nawa ne ke cikin gidan haya, babu ko inda yaro zai miƙe ƙafa, amma duk zango sai an karɓi kuɗin wasanni? Masu filin kuma sun garƙame shi da kwaɗo daga Juma'a zuwa Litinin. Yara masu sikila, masu asma, masu lalurar ƙafa, da 'yan mata da ba za su shiga turereniya ba, duk babu wanda ya tuna da su.

Roƙona, ranka ya daɗe, kada a rufe wannan ƙofa ta Asabar, kuma a ware wa 'yan mata lokacinsu, don ƙanwar yaron ta fara yi min ƙorafi. Mu iyaye a shirye muke mu haɗa kuɗin ƙarin faya-fayai, tunda waɗanda ake da su sun yi wa yaran kaɗan.

Allah ya saka muku da alheri, ya ɗaukaka makarantar, ya jiƙan magabatan Malam, ya shirya masa zuri'a.

Naku,
Wani mahaifi, daga birnin Kano