Game da abokinka da zai aske kai

Ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, duk gida lafiya. Ummanka ta ce ka rage cin barkonon mutanen Tailan ɗin nan.

Maganar abokin ɗakinka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce ya sha giya ya buge wata tsohuwa da babur, yanzu kuma zai aske kai ya shiga gidan ibadarsu na mabiya addinin Buda na tsawon wata uku na damina, har ka yi masa dariya wai zai kankare karma, wato sakamakon aikinsa, da aska. Dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba. Na zauna da mutanen Tailan lokacin da nake sarin shinkafa a Bankok, na kuma san abin nan ba wasa ba ne a wurinsu.

Kada ka ɗauka suna cewa abin da mutum ya aikata yana gogewa. A koyarwar Buda, aiki yana rataye da niyya, kuma duk aikin da aka yi da niyya sai ya haifi sakamako, ko a wannan rayuwa ko a wata haihuwar, kamar yadda suka yi imani. Abin da suke cewa yana sauyawa shi ne nauyinsa. Buda ya ba su misali da dunƙulen gishiri: ka jefa shi a kofin ruwa, ruwan ba ya shawuwa, ka jefa shi a babban kogin Ganga na Indiya, ba mai jin ɗanɗanonsa. Gishirin yana nan, ruwan ne ya yawaita. To, ruwan nan abokinka yake so ya ƙara.

Suna da labarin wani ɗan fashi, Angulimala, wanda ya riƙa kashe matafiya yana rataya yatsunsu a wuya, har ya tara 999. Ya gamu da Buda, ya ajiye takobi, ya zama sufi. Duk da haka, da ya shiga garin Sawatti bara, mutane suka jefe shi, suka fasa masa kai, ƙoƙon bararsa ya fashe. Ya dawo jina-jina, Buda ya ce masa ya daure, sakamakon da zai daɗe yana sha a wuta ne yake sha tun a nan. Ka ga ko shi rigar sufaye ba ta kare shi daga dutse ba.

Kuma zaman can ba hutu ba ne. Zai tashi kafin gari ya waye, ya fita ba takalmi da ƙoƙon bara, ya ci abin da aka zuba masa, in rana ta take ba sauran ci sai gobe. Dokoki 227 ne a kan sufi. Sauran lokacin yana zaune yana bin numfashinsa, yana lura da yadda fushi da kwaɗayi ke tasowa a zuci kafin su kai ga hannu. Ko ɗan gari dokoki biyar ke kansa: ban da kisa, sata, zina, ƙarya da kayan maye. Ta biyar ɗin abokinka ya karya.

Ban ce duk mai neman lada a can da gaske yake ba. Na sha ganin masu sayen tsuntsaye a ƙofar gidan ibada su sake su, alhali don cinikin nan aka kamo su tun farko. Wannan kam ko su da kansu suna sukarsa.

Mu dai ba mu yarda da sake haihuwa ba, tuba muka sani, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Ka riƙe addininka. Kada ka rusuna wa gunki don kara, kada kuma ka zagi abin bautarsu, Suratul An'am ta hana mu.

In ka samu wuri, ka tambaye shi a hankali ko ya je ya duba tsohuwar, kuma wa ya biya kuɗin asibiti. In bai je ba, ka ce za ka raka shi kafin ranar askin. Ku riƙe mata 'ya'yan itace, kai ka biya, zan haɗa da kuɗin wata mai zuwa.

Ka gaida limamin masallacinku.

Mahaifinka