Sanarwa ga iyayen ɗaliban sakandare, Agege

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, wasu malaman jami'a da ɗalibansu za su zo makarantar yaranmu. Za su bayyana yadda ake shiga jami'a irin UNILAG ta Akoka da LASU ta Ojo: rajistar JAMB, zaɓen kwas, da kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi.

Kowa ya zo da ɗansa ko ƴarsa na SS2 da SS3. Mata musamman, don Allah kar a bar su gida. Wanda ba shi da lambar NIN ya nema tun yanzu, ba a rajistar JAMB sai da ita. Kasuwa ta yi haƙuri da safiyar nan.

Allah ya yi wa zuri'a albarka. Na gode.