Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Tafiyarsa Ta Farko Zuwa Gandun Dajin Serengeti

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta jadawalin tafiyar da ka aiko har sau biyu kafin na ɗauki alƙalami. Na yi farin ciki ƙwarai da ka ƙudura niyyar zuwa Serengeti a ƙasar Tanzaniya, domin tun kana ƙarami kake jin labarinsa a bakina, ga shi kuwa gani ya kori ji. Sai dai tsarin naka yana buƙatar gyara, kuma gara ka ji gyaran daga gare ni yanzu, tun ba ka biya kowa kafin alƙalami ba.

Ka rubuta cewa za ka tafi a watan Afrilu ka yi kwana huɗu, a cikinsu ka shiga Serengeti da Ngorongoro da Tarangire, sannan babban burinka shi ne ka ga garken dabbobi suna tsallake kogin Mara. Waɗannan abubuwa ba za su haɗu a tafiya ɗaya ba. Serengeti kaɗai faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 14,750, kuma daga birnin Arusha, inda akasarin matafiya ke tashi, zuwa Seronera da ke tsakiyar dajin, tafiyar awa bakwai zuwa takwas ce a mota. Kwalta tana ƙarewa ne a ƙofar Ngorongoro, daga nan sai tsakuwa da ƙura da gargada. Idan ka cire ranar zuwa da ranar dawowa daga kwana huɗun nan, ka raba abin da ya rage tsakanin dazuzzuka uku, za ka dawo gida da gajiya da hotunan hanya, ba tare da ka zauna a gaban dabba ɗaya ka kalle ta yadda ya kamata ba.

Batun wata ya ma fi wannan muhimmanci. Dabbar da ke yin wannan ƙaura ita ce wadda ake kira nyumbu da harshen Suwahili, mai kama da gwanki amma da gemu da ƙaho irin na saniya. Yawansu ya haura miliyan ɗaya, kuma jakunan dawa da bareyi dubbai suna tafiya tare da su. Ruwan sama da ɗanyar ciyawa suke bi, shi ya sa ba sa zama wuri guda. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris suna kudu, a filayen gajeriyar ciyawa na yankin Ndutu, inda tokar aman wutar duwatsu ta ƙosar da ƙasa, kuma a nan suke haihuwa, 'ya'ya dubu ɗaruruwa cikin 'yan makonni, kowane ɗa yana miƙewa da ƙafafunsa bayan 'yan mintoci da faɗowarsa. A Afrilu da Mayu, lokacin da damina ta kankama, sukan fara gangarawa tsakiya da yamma, su isa kogin Grumeti wajajen Yuni. Ba sa kaiwa kogin Mara a arewa sai daga Yuli zuwa Oktoba, inda wasunsu ke ƙetarawa Masai Mara ta ƙasar Kenya, sannan ruwan Nuwamba ya sake juyo da su kudu. Saboda haka duk wanda ya je bakin Mara a Afrilu zai tarar da kogi da kadoji da dorina, amma ba zai ga garke ba.

Zaɓi biyu ke gabanka. Idan hutunka ba ya ɗaguwa daga Afrilu, to ka cire Mara daga ranka, ka tafi da sanin cewa ruwa zai iya tsare ka, mota na iya kafewa a laka, wasu masaukan ma a rufe suke, amma a madadin haka za ka sami daji kore shar, da ƙarancin motoci, da sauƙin kuɗin masauki. Idan kuwa tsallaken kogin ne ya tsaya maka a rai, ka mayar da tafiyar Agusta ko Satumba, ka hau ƙaramin jirgi daga Arusha zuwa Kogatende da ke kusa da kogin Mara, ka kama masauki tun da watanni. Ko a lokacin ma babu mai iya yi maka alkawari, domin garken yakan taru a bakin gaɓa tun safe, ya yi ta kai da kawo, wata ta sa ƙafa a ruwa ta janye, daga ƙarshe duk su juya su koma kiwo. Ra'ayina shi ne ka ajiye Tarangire zuwa wani jiƙon, ka mayar da kwanakin shida ko bakwai, ka kwana aƙalla uku a cikin Serengeti, ɗaya a bakin ramin Ngorongoro, wato makeken ramin da tsohon dutse mai aman wuta ya bari, wanda zurfinsa ya kai kimanin mita 600, kuma a nan ne ka fi sa ran ganin karkanda.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar lokaci shi ne abin da na gani da idona a Seronera. Da hantsi ne, mun biyo gefen wani rafi, sai jagoranmu ya taka birki ya kashe mota ba tare da ya ce uffan ba. Na duba inda yake kallo ban ga komai ba sai bishiya, har sai da ya nuna mini wani abu mai kama da igiya yana reto daga reshe. Ashe wutsiyar damisa ce, tana kwance a kan reshen ta saki ƙafafu biyu ta kowane gefe. Motoci suka riƙa zuwa, a ɗauki hoton wutsiya, a ƙara gaba. Mu muka zauna kusan awa biyu, ba abin da ake ji sai kukan kurciya da ƙarar ƙarfen mota yana hucewa. Can sai ta ɗaga kai, ta yi hamma, ta miƙe ta gantsare baya, ta sauko ta jikin bishiyar kai a ƙasa, ta ratsa gaban motarmu kusa har ina ganin ƙudaje a gefen idonta, ta shige ciyawa, ciyawar ta rufe kamar ba abin da ya wuce. A lokacin motarmu kaɗai ta rage a wurin. Da jadawalinmu ya matse mu, da tuni mun bi sahun waɗanda suka tafi.

Daga nan za ka fahimci cewa jagora shi ne rabin tafiyar, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Kada araha ta ruɗe ka wajen zaɓen kamfani. Ni na yi wannan kuskure a daren farko, inda wani kamfani ya sauke mu a masaukin da ke wajen gandun, nesa da ƙofa, ba tare da an faɗa mana tun farko ba. Kafin mu isa ƙofa, a duba takardu, mu kutsa ciki, rana ta riga ta ɗaga, zakuna sun nemi inuwa sun kwanta. Dabbobin farauta da sanyin safiya da na yamma suke motsi, kuma ba a yarda motocin baƙi su yi yawo a gandun ba sai daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Don haka ka nemi a rubuta maka sunan kowane masauki da inda yake, da adadin mutanen da za su shiga motar, da ko kuɗin shiga gandun yana cikin abin da ka biya. Ka kuma riƙe cewa izinin shiga na awa 24 ne daga lokacin da ka ƙetare ƙofa, kuma wanda ya zarce sai ya sake biya.

Game da lafiyarka, ka je wurin likita tun saura wata guda. Zai rubuta maka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake fara sha kafin tafiya a ci gaba har bayan dawowa, kuma kada ka yanke shi don ka ga ka iso gida lafiya. Tanzaniya tana neman katin rigakafin shawara daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Akwai ƙudan tsando a wuraren da bishiyoyi suka yi yawa, cizonsa yana ratsa tufafi, kuma baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo shi, saboda haka ka zaɓi kaya masu launin ƙasa da dogon hannu. Kada ka bar rigar sanyi, domin dajin a kan tudu yake, bakin Ngorongoro ma ya haura mita 2,000, kuma sanyin asubarsa yana shiga ƙashi. Idan za ka hau ƙaramin jirgi, kayanka kada su wuce kilo 15, a jaka mai laushi. Ledar zuba kaya kuwa an haramta ta a ƙasar tun shekarar 2019.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne batun sauka daga mota, kuma a nan ba shawara nake ba ka ba, umarni ne. Dabbobin sun saba da mota, suna kallonta a matsayin abu guda marar cutarwa, amma da zarar mutum ya fito ya tsaya da ƙafafunsa, lissafi ya canja. Ko don biyan buƙata, ko don alwala da salla, ka sanar da jagora ya kai ka wuraren da aka keɓe. Giwa mai ɗa ba a matse ta, ɓauna da dorina kuwa sun fi yadda suke a ido sauri da zafin rai. Masaukai da yawa a cikin dajin ba su da shinge. Ni da kaina na farka cikin dare a tanti ina jin ɓauna tana fizgar ciyawa tana huci, ba abin da ke tsakaninmu sai ƙyallen tantin, kuma abin da ya dace a irin wannan hali shi ne ka kwanta shiru har ta wuce. Bayan faɗuwar rana kada ka fita sai da ɗan rakiya mai tocila. Kada ka ba kowace dabba abinci, kuma a wurin cin abincin rana na cikin ramin Ngorongoro ka ci naka a mota, domin shirwa tana saukowa ta wafce shi daga hannun mutum, wani lokaci har da rauni.

Ina kuma roƙonka kada ka matsa wa direba ya bar hanya ya kutsa ciyawa don ka sami hoto na kusa. Doka ta hana, shi za a ci tara ko a karɓe masa izinin aiki, kuma tayar mota tana tattake sheƙar tsuntsaye da ƙananan halittun da ba ka gani. Shekaru masu yawa ke nan ake tsare wannan daji, kuma da irin wannan kiyayewa ya kai har ka same shi. Idan ka haɗu da Masai a hanyar Ngorongoro suna kiwon shanunsu, ka nemi izini kafin ka ɗauki hotonsu. Ka ware wa jagoranka alheri mai kauri a ranar rabuwa, domin idonsa da haƙurinsa ka ci moriya. Wani lokacin kuma ka ajiye waya ka yi kallo da idonka kawai.

Madubin hangen nesan da na yi amfani da shi yana nan lafiyarsa lau, na sa an goge shi, zan ba da a kawo maka. Idan ka gyara jadawalin ka aiko mini da shi tare da sunayen masaukan in duba kafin ka biya kuɗi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kira duk inda ka sami sabis, domin a cikin dajin yakan ɗauke. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka