Wasiƙa daga Texas: yadda daji ya fi ƙarfin mafarauci

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da Inna, da Baba Sarkin Dawa. Yaya sanyi? Na san yanzu an gama kwashe amfanin gona, hunturu ya fara kaɗawa, karnukan gidanku sun ƙagu a fita dawa. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Ka yi mini tsiya a saƙonka, wai ga Nuwamba ta kama ba ka ga hoton ƙaho ba, ko hannu ne ya fara rawa. Hannu yana nan daram, dajin ne ya suɓuce mana. Dattijon da muke hayar dajin farauta a wurinsa ya rasu. 'Ya'yansa duk mazauna birni ne, babu mai ra'ayin kiwon shanu a cikinsu, sai suka yanka filin gunduwa-gunduwa suka sayar. Wanda ya sayi ɓangaren da muke shiga ya canja kwaɗon ƙofa, ya aiko mana da takarda cikin ladabi cewa mu zo mu kwashe kayanmu. Mun nemi wani wurin, amma duk inda muka buga waya, da an faɗi kuɗi sai mu kalli juna. Na ga ya fi kyau in zauna in rubuto maka a tsanake, domin maganar ta taɓa shawarar da ka nema game da filinku.

Sai ka fara cire dajin gida daga ranka. A Texas fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, duk inda ka taka da mai shi, kuma an kewaye da waya. Doka ta ce namun daji na jama'a ne, hukumar jiha ke kula da su, ita ke sayar da lasisin farauta, dala 25 kacal ga mazaunin jihar. To amma barewar nan ta kowa da kowa a filin wani take tsaye, ba ka isa ka bi ta ba sai da izininsa. Ko bai kafa allo ba, in ya shafa fenti mai launin shunayya a jikin bishiyoyi ko turakun shinge, doka ta ɗauka ya gargaɗe ka. Ka tsallaka da bindiga a hannu, sai kotu, in ma an yi sa'a abin ya tsaya nan. Shi ya sa aka saba da haya: mutum biyar ko goma su haɗa kuɗi su biya mai fili na shekara, ya miƙa musu mabuɗi. Ta haka makanike da direban tirela da malamin makaranta suke samun inda za su kai 'ya'yansu koyon harbi. Ni ma ta haka na shiga, bayan abokan aikina sun ji cewa na tashi ina bin ku a baya da gora.

Akwai cibiya a Jami'ar Texas A&M da ke bin diddigin cinikin filaye. A lissafinta, cikin shekarar 2021 kaɗai farashin filin karkara ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100, har eka ɗaya ta kusa dala 4,000 in an ɗauki matsakaicin jihar baki ɗaya. Bayan shekara biyu ta haura 4,500. Yankin duwatsun da ke yamma da birnin Austin kuwa ba a magana. Kusan eka biyu da rabi ke yin hekta ɗaya. Ka buga da naira da kanka, ni ba zan tayar maka da hawan jini ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙasar da ake rububi a kanta ba mai albarkar noma ba ce. Dutse ne da ƙaya da busasshiyar ciyawa, inda saniya guda sai ta lashe eka 20 ko fiye kafin ta ƙoshi a shekara. Kiwo ba zai taɓa mayar da kuɗin da ake sayenta ba, kuma mai sayen ya sani sarai. Ba ya tambayar maruƙa nawa filin ke fitarwa. Tambayarsa ita ce: akwai rafi? Akwai manyan bishiyoyi? Awa nawa ne daga Dallas ko Houston a mota? Wane irin ƙaho kyamarar da aka ɗaure a bishiya ta ɗauko? Dillalai ma sun gane, hoton namijin barewa suke fara sawa kafin hoton gidan da ke cikin filin. Makiyayi yana taya ƙasa da abin da za ta ba shi, likita ko lauya daga birni yana taya ta da abin da aljihunsa ke iya ɗauka don hutun ƙarshen mako. Kai ma ka san wanda za a sallama wa.

Annobar korona ce ta ƙara wa abin wuta. A 2020 kuɗin ruwan bashin banki ya faɗi warwas, mutane suka koma aiki daga gida ta intanet, kowa yana neman inda zai shaƙi iska. Ga baƙi suna ta kwararowa daga Kalifoniya da sauran jihohi, har yawan mutanen Texas ya wuce miliyan 30 a 2022. Da kuɗin ruwa ya sake hawa, ciniki ya ja baya, amma farashin ya ƙi saukowa, don masu riƙe da irin wannan fili ba matsuwa suka yi ba.

Akwai kuma wata doka da ba kowa ke lura da ita ba. Nan harajin fili yana da zafi, sai dai an sassauta wa manoma da makiyaya, ana yi musu kuɗi bisa abin da ƙasar ke samarwa maimakon darajarta a kasuwa. A 1995 aka gyara tsarin mulkin jihar, aka ce filin da yake cin wannan rangwame zai ci gaba da cinsa in mai shi ya mayar da shi wurin kula da namun daji, muddin yana yin uku daga cikin ayyuka bakwai da aka zayyana, irin su samar da ruwa da abinci da ƙidayar dabbobi. Niyyar mai kyau ce. Amma ta nan attajiri ya samu hanyar riƙe daji ba tare da ko saniya ɗaya ba, yana biyan harajin makiyayi.

Ga wani labari da zai yi maka daɗi, tunda har yanzu ba ka tuba daga Arsenal ba. Mai kulob ɗinku, Stan Kroenke, shi ya sayi gandun Waggoner a arewacin Texas a 2016, fiye da eka 500,000, wanda aka sa a kasuwa kan dala miliyan 725. Ran da kuka rasa kuɗin sayen ɗan wasan gaba, ka san inda suka shiga.

Manyan nan suna kewaye dajinsu da doguwar waya mai ƙafa takwas, abin da ke ciki ba ya fita. Suna kiwon barewa don girman ƙaho, suna shigo da namun wasu ƙasashe. Ka gaya wa Baba cewa mariri, wanda ya ce da fatarsa Buzaye ke yin garkuwa, yana nan garke-garke a Texas. A 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a dajinsa na asali, sai daga 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Na gan shi da idona ta bayan waya, fari sol da jan wuya, ƙahonsa ya lanƙwashe kamar takobi. Harbin guda ɗaya dubban daloli ne. Ita kanta farautar a irin waɗannan wurare, in Baba ya gani sai ya tofar da yawu. Wani inji yana watsa masara a kan lokaci, mutum yana zaune a rumfa bisa kujera da shayinsa, dabba ta zo cin abinci ya harbe ta. Da wannan da harbin akuya a turke duk ɗaya ne a wurina.

Ba zan zalunce su ba dai. Barewa mai farar wutsiya ta kai wajen miliyan 5 a jihar nan, kuma babban dalili shi ne ta zama dukiya ga mai fili, yana tsaron ta kamar shanunsa. Mu da dajinmu yake na kowa, yaushe rabonka da ganin gwanki in ba a Yankari ba? Shi ma dattijonmu, kuɗin hayarmu ne ya riƙa toshe masa ɓaraka a shekarun fari. Namun sun tsira, ƙaramin mafarauci ne aka bari a bakin ƙofa.

Abin da ya rage mana shi ne dajin gwamnati. Da dala 48 ana sayen izinin shekara na shiga kimanin eka miliyan ɗaya a faɗin jihar, ciki har da dajin Sam Houston da ke arewa da mu nan Houston. Ranar buɗe farauta, masu riga ruwan lemo, wadda doka ta wajabta don kada a harbi juna, sun kusa fin barewar yawa. Sai kuma aladun daji da suka addabi manoma, har aka halatta wa mafarauta su biya kuɗi su harbe su daga jirgi mai saukar ungulu tun 2011, a 2019 kuma aka cire sharaɗin lasisi in mai fili ya yarda. Abokaina sun ce in zo mu je. Na ce ni ba na kashe abin da ba zan ci ba, a kai kasuwa.

Yanzu maganar filinku. Ka ce wani Alhaji daga Abuja yana son tudun nan da fadamar da ke ƙasansa, zai yi gidan gona na hutawa da dawaki da tafkin kifi, kuma kuɗin da ya taya ya ninka abin da maƙwabtanku suka sayar. Ban yi mamaki ba, don ba da buhun dawa yake auna wurin ba. Ra'ayina shi ne kada ku sayar. Waɗanda na sani a nan da suka sayar da gādo, kuɗin ya yi musu yawa a ranar, bayan 'yan shekaru kuma ba su iya sayen rabin abin da suka rabu da shi a garinsu ba. In buƙata ta matsa, ku ba shi hayar tudun na shekaru ƙididdigaggu, a rubuce, gaban dagaci da lauya, ku riƙe fadamar. A rubuta ƙarara cewa hanyar zuwa rafi da burtalin shanu ba za a toshe su ba, domin abin da irin wannan mai saye ke fara yi shi ne katanga. Kafin komai ma ku je ƙaramar hukuma ku nemi takardar mallaka, tunda dokar filaye ta 1978 ita ta bai wa ikon bayar da ita a ƙasar karkara.

Ka rubuto mini girman wurin da yawan magada, da ko su Yaya mata sun san da maganar, don na ga ba ka ambace su ba. Kada kowa ya sa hannu a komai kafin mu yi waya. Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Maiɗakina tana gaida uwargida.

Wassalam,
Amininka,
daga Houston